Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar da Ta Raka Hanzala Teku

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da har yau ya ƙi sauka, Alhaji Mijinyawa mai goro na unguwar Sabo a Ibadan yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki, na nan gida da na kasuwannin Shasha da Akinyele, rasuwar wayarsa wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannunsa na dama, tana da shekara bakwai, bayan doguwar jinyar kumburin batir.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sau biyu tana faɗawa cikin bahon wankin goro, ta fito ta bushe ta koma aiki ba ko ƙorafi. Ta san muryar kowane direban da ke ɗaukar kaya zuwa Kano, ba ta taɓa kai maganar wani kunnen wani ba. Amma aikin da za a fi tuna ta da shi, shi ne na kwana goma sha huɗu na ƙarshen rayuwarta.

Hanzala, autan Alhaji, ya tafi Legas shekarun baya, ya fara da wanke jiragen ruwan masu hali, har ya ƙware a ɗaurin igiya da karanta iska. Bana wani dattijo mai jirgi ya ɗauke shi cikon na huɗu, za su tsallaka tekun Atlantika daga tsibiran Cape Verde zuwa Barbados. Jirgin ba da inji yake tafiya ba, manyan ƙyallaye ake ɗaga masa, iska ta tura shi. Da labari ya iso Sabo, Alhaji ya ce bai yarda ba. Ya ce yaron da aka haifa inda babu ruwan da ya kai gwiwa ba shi da abin nema a tsakiyar teku, kuma in ya tafi kada ya sake kiran sa. Hanzala ya tafi. Ranar tashinsu ya turo saƙon murya guda ɗaya, da adireshin wani shafi da ke nuna inda jirgin yake.

Yayarsa Rukayya, wadda ke aure a Mokola, ita ta buɗe wa mahaifinsu shafin. Shuɗi ne ko ta ina, sai ɗigo ɗaya ƙarami, wato jirgin, da siririn layi a bayansa. Alhaji ya ce ta goge masa wannan shirmen. Ba ta goge ba, shi ma bai sake cewa ta goge ba.

Daga ranar marigayiya ba ta ƙara hutawa ba. Duk awa huɗu sai ta yi 'yar ƙararta, tin, alamar ɗigon ya matsa, Alhaji ya ajiye ko wane ciniki ya lalubo tabarau. A hannunta ya koyi abin da ƙananan kibiyoyin iska masu launi-launi na shafin ke nufi. Ya gane kore iska ce mai laushi, rawaya mai tura jirgi, ja kuwa ba a fatan haɗuwa da shi. A bayan wata tsohuwar kalanda yake rubuta mil nawa suka ci kullum, ɗari da talatin, ɗari da arba'in, ya raba abin da ya rage da shi, ya ce ranar kaza za su sauka. A rana ta tara iska ta kwanta, ɗigon ya yi yini biyu kamar an kafe shi, Alhaji ya soke lissafinsa ya sake sabo. Har majalisar ƙofar shago ta kamu. Jafaru dillalin shanu, wanda bai taɓa ganin teku ba, kan iso ya ce, "Alhaji, yau ina jirginmu ya kwana?"

Abin da majalisa ba ta sani ba, kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci, marigayiya kan maimaita masa saƙon nan, ana jin igiyoyi na bugun ƙarfe a baya: "Baba, ni ne. Na san ranka a ɓace yake. Ka yafe mini, ka sa mini albarka ko a zuci ne." Sau goma sha huɗu ta faɗa masa, bai amsa ko sau ɗaya ba, ita kuwa ba ta taɓa yi masa gori ba.

Ciwon ajali ya tsananta ne a mako na biyu. Bayanta ya kumbura har sai da aka ɗaure ta da roba, jikinta zafi rau, ba ta iya rabin awa ba caja. Rukayya ta ce a sayi sabuwa, Alhaji ya ce ba a sauya abokin tafiya a tsakiyar hanya. Ranar Litinin wani jan dunƙule ya ɓullo daga arewa, ɗigon ya karkata kudu yana gudun sa. Alhaji ya auna tazarar da ɗan yatsa, ya ga ba za su tsere ba, gobe da safe za su gamu. Lissafinsa bai kuskure ba. Talata gari ya waye, awa huɗu ta wuce tun ƙararta ta ƙarshe, takwas ta wuce, ba tin. Nan Alhaji ya shige ƙuryar shago, ya danna wurin ɗaukar murya, ya ce, "Hanzala, ni ne, babanka. Na..." Fuskarta ta yi fari, ta yi baƙi, shi ke nan.

An garzaya da ita Mokola wurin Ridwan mai gyara. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya girgiza kai. "Baba, o ti lo. Ta tafi, allon cikin ya ƙone." Alhaji ya tambaya ko za a iya ciro saƙon muryar Hanzala kawai. Ridwan ya ce da shi ta tafi.

Sai ranar Alhamis ɗigon ya sake bayyana, a wayar Rukayya. Yana tafiya, amma da rabin saurinsa na da, layinsa a karkace. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wani abu ya karye a jirgin, amma akwai hannu a kan sitiyari. Su huɗu suka tashi, ɗigon kuwa ba ya faɗin mutum nawa ne a ciki. Saura mil ɗari huɗu da wani abu, a lissafinsa kwana bakwai, in iska ba ta sake juyawa ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da rigarta ta roba wadda ta yage a gefe, da layinta da aka cire da ransa. Ta bar kalanda mai cike da soke-soke. Ta kuma bar Alhaji Mijinyawa, wanda har yanzu kan kai hannu aljihun gaba duk lokacin da cokali ya bugi kofin shayi.

Za a goge ta da busasshen ƙyalle, a naɗe ta cikin ganyen goro, a kwantar da ita a ƙasan akwatin ƙarfe na ɗakin Alhaji ranar Asabar bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago har kwana bakwai. Iyalai na roƙon kada a zo da sabuwar waya a matsayin gudummawa, kuma kada a tambayi Alhaji ina jirgi ya kwana, shi zai faɗa in ya iya. Wanda zai zo ya zo da alwalarsa. Addu'ar da za a yi ba ta marigayiya ba ce, ta waɗanda ke kan ruwa ce.