Mijin da Aka Zaɓa wa Guguwa

"...da gajiya kuma, angona? Na ga an yi wanka da hantsi, har da turare. Wa za a je gani a bayan idona?"

Surayya ce, tana saukowa daga a-daidaita-sahu da 'yar jakar aikinta. Kakanta Malam Isiyaku bai ɗago ba. Yana zaune a bakin kanal ƙarƙashin darbejiya, yana kallon ruwa yana wucewa zuwa gonakin shinkafa. Shi ya san wurin nan tun yana daji, tun kafin a haƙa kanal, lokacin da yake bin mahaifinsa, Sarkin Baka, farauta da karnuka bakwai. A cikin jinin karnukan nan saura guda ɗaya a duniya, ita ce Guguwa, jar karya mai dogayen ƙafafu da ke kwance a gefensa. Furfura ta fara fito mata a baki.

"Ba gajiya," ya ce a hankali. "Matar da ta bar miji ta tafi Kura tana shafa bayan awaki, ita ce za ta tambaye ni turare?"

"Awakin sun fi ka haƙori."

"Sun fi ki kunya kuma."

Ta yi dariya ta zauna a kan dakalin kanal. Shekararta uku tana aiki da likitan dabbobi, amma shi har yau ungozomar tumaki yake ce mata.

"Ba ni zan yi aure ba," ya ce. "Guguwa ce. Yau kwana uku tana neman barbara. Da la'asar zan kai ta Garun Malam, gidan Nasiru mai faci. Yana da wani kare, Gagara."

Ya lumshe ido. Tun jiya yake ganinsu a ransa. 'Yan kwikwiyo biyar, ko shida, jajaye, suna gudu a kan kunyar shinkafa, ruwa yana nuna cikinsu, balbelu suna tashi a gabansu. Ɗaya yana da farin tabo a ƙirji irin na karen mahaifinsa. Har ya raɗa masa suna a zuci, bai gaya wa kowa ba.

"Ka duba shi Gagaran?" ta ce.

"Ni kike tambaya? Na duba ƙirji, kamar ƙofar zaure. Na buɗe tafin ƙafa. Na ja wutsiya bai waiwayo ba. Kuma jarumi ne, don inda ya tashi na ga ɗigon jini a kan siminti. Na ce da Nasiru, me ya kama jiya? Ya ce ai kullum haka yake. Kin ji kare. Kullum da jini a jikinsa."

Surayya ta daina wasa da igiyar jakarta.

"A Garun Malam, a bakin titi, me yake kamawa kullum? Tayar mota?"

"Baƙin ciki ne ke damunki. Ke da aka aurar da ke ga mai sayar da katin waya."

"Jinin nan, daga baki yake fita ko daga ƙafa?"

"Ni ba na leƙa ƙasan cikin namiji ɗan'uwana. Ina da tarbiyya."

"To tarbiyyarka za ta kashe maka karya, tsoho. Akwai wani tsiro da ke fito wa kare a gabansa, ja, kamar ɗanyen nama, yana ɗigar da jini. Wajen barbara yake bi ya kama mace. Wannan ma da sauƙi, ana yi masa allura sati-sati ya bushe. Akwai wanda ido ba ya gani sai an ɗebi jini, ɗan'uwan ciwon da ke sa shanu ɓari. In ya shiga karya, cikin zai girma ka yi ta murna, sai dab da haihuwa ta zubar da su matattu. Mai kwashe su da hannu ma yana iya ɗauka."

"Allah Ya kyauta. Yanzu kare ma sai an yi masa gwajin aure? Gobe kuma ki ce a kawo waliyyinsa."

"Kai ma da an gwada ka da ban yarda ba."

"Ke kika biyo ni. Kina rarrafe kike kama min gemu."

"Na zaci tsumman goge tukunya ne."

Ya murmusa, amma murmushin bai daɗe ba. Ruwan kanal ya ɗauko wani ganyen kuka yana juya shi, ya bi shi da ido har ya shige ƙarƙashin gada. Wani abu ya faɗo masa a rai. Bara da rani, karyar Muhammadu Sani maƙwabcinsa ta zubar da 'ya'ya huɗu a cikin gonar albasa, ko gashi ba su gama yi ba. An ce takin zamani ta lasa. Shi ma haka ya ce. Sai yanzu ya tuna gidan Nasiru aka kai ta barbara kafin nan, don shi da kansa ya yi musu kwatance.

Ya sa hannu ya shafa kunnen Guguwa.

"Kwana nawa gwajin naku?"

"In na ɗebi jini yau na aika Kano, jibi an gama. Na Gagara kuwa, in abin da nake zato ne, sai ya yi wata biyu yana shan allura."

"Wata biyu." Ya jinjina kai. "Ita kwana tara take yi, uku sun tafi. In wannan ya wuce sai bayan damina. Kin ga bakinta. Ni da ita, duk mun fara jin nisan bayan damina."

Surayya ta kalli gefe na ɗan lokaci, kamar tana ƙirga buhunan da ake lodawa a wata mota can nesa.

"Kai da za ka binne mu duka," ta ce. "Mutuwa ta zo ɗaukarka sau biyu ta tarar kana ba da labarin zomo, ta gaji ta tafi."

"Ta ce za ta dawo in kin koyi tuwo."

"To ka zauna daram. Ji nan, akwai kare a rugar Ibrahimu, bayan Kadawa. Watan jiya muka je duba shanunsa, likita ya sa na ɗebi jinin karen har da shi. Lafiya ƙalau. Ba a taɓa kai shi ko'ina ba."

"Na san shi. Mai kunne ɗaya."

"Ɗaya da rabi."

"Gajere kamar turmi. Haushinsa kamar tarin tsohuwa."

"Shi kaɗai ya hana ɓarayi kora shanu arba'in. A nan rabin kunnen ya tafi."

Malam Isiyaku ya sake lumshe ido ya nemi 'yan kwikwiyonsa a kan kunyar shinkafa. Suna nan. Sun ɗan rage tsawo, ɗaya ma ya fito toka-toka, amma suna gudu, balbelu suna tashi. Ya ƙirga su, shida ne, duk da rai.

"Jikar karnukan Sarkin Baka," ya ce, "ta ƙare a hannun makiyayin shanu."

"Ni jikar wa ce, na ƙare a hannunka? Kuma ba a gama ba. Ita ma amaryar sai na ɗebi nata. Ibrahimu ba zai ba da karensa a kan maganar baki ba."

"Guguwa? 'Yar gidan mutunci?"

"'Yar gidan mutuncin da aka gani bayan injin casa da wani baƙin kare shekarar da ta wuce."

"Gaisawa suka yi."

"To jinin zai faɗa mana irin gaisuwar."

Dariya ta kama tsohon, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke rawa, har sai da ya goge ido da bakin hannun riga. Surayya ta sa safar hannu ta fito da allura. Ya jawo Guguwa jikinsa ya riƙe mata kai yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, karyar ko motsi ba ta yi ba.

Da aka gama, ya kwance igiyar fatar da yake jan Guguwa da ita daga wuyan hannunsa, ya juya ta sau biyu a tafinsa, ya miƙa wa jikarsa.

"Ungo. Ban taɓa ba wa kowa ita ba. In takarda ta fito jibi, ke za ki kai ta rugar. Ki ce da Ibrahimu dangin amarya sun yarda, amma ya tsayar da angon ta ɓangaren da kunnen yake."