Ranar da Na Kai Ƙirjin Yayata Intabiyu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Kowa a Katsina na murna wai yanzu talaka zai sarara, ni kuwa ina shekara ta uku a gida bayan gama sakandare, ba karatu ba aiki. Baba yana da shagon fenti da ƙusoshi a Ƙofar Kwaya, kuma ya riga ya yanke hukunci: "Bana ce ta ƙarshe. In ba ka samu makaranta ba, ka zo mu zauna shago." Ni kuma duk duniya ba abin da na tsana kamar warin fenti.

Sai aka yi sanarwa a rediyo cewa wata kwalejin aikin lafiya za ta ɗauki ɗalibai masu koyon ɗaukar hoton ƙashi, wato eksire. Na je na sayi fom, na zauna na karanta sharuɗɗan. Kiredit biyar, har da lissafi da fizis da kimistiri da bayoloji, kuma kada su wuce zama biyu. Wannan ina da shi, da ƙyar (fizis ɗin sai da na sake zama, kuma har yau ban san yadda aka yi na ci ba). Takardar shaidar ƙaramar hukuma, sati biyu ina sintiri kafin a sa mani hannu. Takardar haihuwa, babu, sai da Baba ya je kotu ya rantse cewa lallai an haife ni. Hoton fasfo takwas, kamar za a raba wa dangi. Na gaji tun ban fara karatun ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne takardar shaidar lafiya, haɗe da hoton ƙirji. Nan gizo ya yi saƙar.

Na je asibiti ranar farko, an ɗauke wuta. Rana ta biyu akwai wuta, ba mai ɗaukar hoton, ya tafi jana'iza. Rana ta uku muna kan benci tun hantsi, sai wani mai sayar da rake da ke kusa da ni, wanda ya kawo mahaifiyarsa, ya dube ni ya ce, "Kai kau samari, ka yi aure?" Na ce a'a. Ya girgiza kai. "To ka yi tunani. Wutar injin nan ƙone mazakuta take. Wani ɗan unguwarmu tun da aka ɗauke shi, shiru kake ji." Na yi dariya irin ta masu ilimi, na ce mashi camfi ne. Amma da aka kira sunana, wallahi sai na ga ƙafafuna sun nufi ƙofar fita. (Ku duba fa: mutumin da ke neman ya ƙare rayuwarsa a gindin injin, shi ne ya kasa tsayawa gabansa na minti ɗaya. Daga baya rashin lafiya ta sa an ɗauke ni har sau biyu, kuma 'ya'yana shida.)

Saura kwana biyu intabiyu, ba ni da hoto. Sai na tuna Yaya Hajara, babbar yayarmu da ke aure a Kambarawa, ta yi tari bara, an ɗauke ta, likita ya ce ƙirjinta lafiya lau. Na je gaishe ta, muka yi gaisuwa har ta kaji da awaki, da ta shiga kicin kawo mani fura sai na zare ambulan ɗin daga bayan madubi na cusa cikin riga. A gida na sa reza na yanke kusurwar da aka rubuta sunanta, na manna filasta na rubuta nawa. Na ɗaga hoton a rana na duba. Haƙarƙari ne dai da ƙashin baya. Na ce a raina, ƙashi ai ƙashi ne, wa zai bambance? Wani ma'aikaci a asibitin ya kalli hoton a tsaye, yana magana da wani, ya buga mani hatimi. Na fito ina jin kaina wani gwani.

Ranar Talata na sa farar shaddata ta Sallah. Zauren intabiyun babba ne, mu wajen arba'in a kan bencina, maza gefe mata gefe, teburin masu tantancewa a gaba, duk abin da aka faɗa kowa na ji. Mutum uku ne: wani magatakarda mai duba takardu, wata Hajiya shugabar nas-nas, da wani dattijo siriri mai furfura, Malam Lawal, wanda aka ce ya fi shekara ashirin yana ɗaukar hoton ƙashi. A gefensa akwai wani akwati mai fitila a ciki, inda ake manna hoto a gani.

Aka kira ni. Magatakarda ya ƙirga kiredit, ya ce sun cika. Hajiya ta tambaye ni me ya sa nake son wannan aiki. Na kwararo abin da na haddace: wai tun ina yaro nake sha'awar injin da ke nuna abin da ido ba ya gani, kuma ba ya ƙarya. (Ni na faɗi haka, da bakina, ba wanda ya matsa mani.) Hajiya ta ce madalla. Na hango alƙalaminta ya yi alama mai kyau kusa da sunana. Na fara ganin kaina cikin farar riga.

Malam Lawal ya zaro hoton, ya manna a akwatin, ya kunna fitila. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya juyo ya kalli ƙirjina, na gaske, tun daga wuya har ciki.

"Ɗan samari, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Kai aka ɗauka?"

"Ni ne, Malam. Ga sunana nan."

"Na ga suna." Ya sake duban hoton. "Ka yi aure?"

"A'a, Malam."

"To wa kake shayarwa?"

Ban gane ba. Ya ɗauki rula, a natse, ba fushi ba dariya, ya bi wasu inuwa biyu masu lanƙwasa a ƙasan haƙarƙarin, ɗaya dama ɗaya hagu. Ni da na ɗaga hoton nan a rana ya fi sau goma, ban taɓa lura da su ba. Ya juya ga zauren ya ce, "Tunda kun zo koyo, ga darasin farko kyauta. Wannan inuwar mama ce. Mai wannan ƙirji mace ce, kuma Allah ya ba ta lafiya, huhunta garau."

Innalillahi! Wani daga baya ya fashe da dariya, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya. 'Yan matan suka cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa. Hajiya ta riƙe baki tana cewa "Subhanallahi" tana hawayen dariya. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "Malam, ko injin ne ya yi kuskure?"

"Yanzu ka ce mana ba ya ƙarya," in ji shi.

Ya ciro hoton ya sa a ambulan ya miƙo mani da hannu biyu. Muryarsa ta yi ƙasa, amma na ji kowace kalma. "Da ka zo ka ce ba ka samu yi ba, da na ɗauke ka da kaina yau ɗin nan. Amma wanda ya sauya suna a kan hoto tun bai shiga ba, ba zan ba shi hoton marasa lafiya ba. Mai da wa mai shi, ka ba ta haƙuri." Magatakarda ya ja layi a kan sunana, da rula shi ma.

Daga zauren zuwa Ƙofar Kwaya a ƙasa na taka, don ban iya haɗa ido ko da ɗan acaɓa ba. Labarin ya riga ni isa. Akwai ɗan maƙwabtanmu a cikin waɗanda suka zo intabiyun. Na tarar da Baba a ƙofar shago yana auna wa wani kafinta ƙusa. Bai ɗago ba sai da ya sallame shi.

"An ce ƙirjin Hajara ya ci jarrabawa, kai ka faɗi."

Na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ya laluba aljihu ya ciro makulli ya ajiye a kan gwangwanin fenti. "Gobe kai za ka buɗe. Bakwai."

Yau shekara ashirin da wani abu ke nan ina buɗewa ƙarfe bakwai. Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare: in har ƙarya ta zame maka dole, to kada ka kai ta gaban mutumin da sana'arsa ita ce ganin cikin mutane.