Rasuwar Malam Ƙaras, Mai Shaidar Ciwon Bayana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai cike da ciwo, ni Inna Aina'u ta bayan Zakirai nake sanar da 'yan uwa rasuwar Malam Ƙaras, ɗan akwatin nan mai wayoyi da ake liƙa mini a gadon baya.

Jikata Tahira ce ta kawo marigayin. Ita ce wadda ta gama boko kaf, ta ƙare a soka wa ɓeraye siririyar waya a lakar gadon baya, wai tana sauraron abin da jijiya ke gaya wa kai idan ciwo ya taso. Kai, har jijiya ma tsegumi take yi! Ta zo da wannan ƙaramin akwatin daga wurin aikinta don nuna wa yara, ni kuwa na riƙe.

Marigayin mai gaskiya ne, ba ya tsoron ido. Ina sunkuyawa sai ya ce ƙaras-ƙaras-ƙaras, kamar ana suyar gugguru. Daga ranar ɗana Abdulmumini ya daina cewa raki nake yi, matarsa Ramlat ta karɓi taɓarya. Tahira dai ta nace motsin tsoka kawai yake ji, lakar ta yi masa nisa. Yarinya ce.

Mai jama'a ne kuma. Matan unguwa sun yi ta zuwa gwaji, kowacce da labari a bakinta. A nan na gane cikin maƙwabciyarmu Hure tun uwar mijinta ba ta sani ba.

Jinyarsa gajeriya ce. Da damina ta yi nisa muryarsa ta dishe, ƙas... ƙas. Muka ce sanyi ne, muka shafe shi da man zafi, muka kwantar da shi a gefen murhu ya ji ɗumi. Ya ji sosai. Kalmarsa ta ƙarshe: tsss.

Ya bar wayoyi uku, da tsohuwa guda ba shaida, ga gyaɗa ta nuna, Abdulmumini har ya fara kallon bayana kamar mai taya jaki.

Za a binne shi ranar Talata da hantsi a bayan rumbu. Kada a bugo wa Tahira, ni zan san yadda zan faɗa mata. Masu ta'aziyya su zo da goro da labari mai zafi. Zaman makoki a ɗakina ne, a kan tabarma, kuma mai makoki ba ta zuwa gona. Za mu tashi ranar da buhun gyaɗa na ƙarshe ya shigo gida.