An Sa wa Jujinmu Maigadi

Yau da safe maigadi ya fatattake ni daga kan juji. Ni ɗin nan, magidanci da furfurata, ina gudu da buhu a kafaɗa da silifas ɗaya a hannu. Abin da na je sata kuwa buntun shinkafa ne, wanda bara mai injin casa na bayan layinmu yake roƙonmu mu kwashe don ya rasa inda zai zuba.

Bari in warware muku. Tun da aka buɗe kamfanin rina yadi a saman unguwarmu, rijiyarmu ta zama 'yar gayu: yau shuɗi, gobe ja, jibi wata kalar da ko tela bai san sunanta ba. Mu manya mun daure. Autata ce abin ya fi ƙarfinta. Duk wanka sai ƙuraje su feso mata, ta yini tana susa tana kuka, ni kuma zuciyata tana tafasa.

Maƙwabcina malamin kimiyya ne, Tica muke ce masa. Shi ya huda gindin wani tsohon duro, ya shimfiɗa tsakuwa da yashi, ya ƙona buntu ya zama gawayi ya zuba a kai. Muka juye jan ruwa ta sama, ya ɗigo fari tas ta ƙasa.

"Gawayin ne ke riƙe rinin," in ji Tica. "Amma na wanka da wanki ne, kada wani ya kawo kofi. Kuma in ya ƙoshi da rini sai an canza shi."

Fatar autata ta lafa, gida ya samu barci. Ana cikin haka mai askin layinmu, wanda ko kaza ta tsallaka titi sai ya ɗauke ta a waya, ya watsa duronmu duniya.

Sai ga Mai Girma Uban Masu Yanke Ƙyalle da jerin motoci har ƙarshen layi. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai hangen nesa: a jawabinsa ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan fasaha. Ya shafa duron aka ɗauki hoto, aka tsiyaya masa ruwan roba ya wanke hannu. Daga nan aka loda duron a mota don zurfafa bincike. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya tafi ƙasar waje ya ga yadda nasu buntun yake. Jujin buntun kuma aka ce ya zama dukiyar ƙasa, aka kewaye shi da waya. Duro dai mun samo wani, buntun ne ya gagara.

Na matsa kusa da mai riƙe wa Mai Girma jaka, na rusuna.

"Yallaɓai, shi kamfanin fa? Ba za a ce ya daina zubo mana ba?"

Ya dube ni cike da tausayi. "Haba Baba. In ya daina, me kwamiti zai tace?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Shi ya sa su suke sama, mu muke ƙasa.

To, yau da na dawo da buhu fayau, uwargida tana tsaye da bokitin ruwa mai kalar zuma-zuma, auta na laɓe a bayanta tana susar wuya.

"Maigida, ina buntun?"

"Ya samu ƙarin girma."

"Ni ba wasa nake ba. Da me zan yi wa yarinyar nan wanka?"

Na ajiye buhun. Sai Tica ya leƙo ta katanga da tsohon bokiti a hannu, yana fara'a.

"Kada ku damu, maƙwabci. Ai ko ɓawon ayaba, in aka shanya shi aka daka..."

Ban san lokacin da na yi tsalle na toshe masa baki ba. Mai aski yana ƙofar shagonsa.

Saboda haka mai karatu, kai ma ba ka ji komai ba. In ka ci ayaba, ka waiga hagu da dama, ka sa ɓawon a aljihu.