Yadda Ake Zaɓen Batirin Jirgi Don Kada Ya Tashi

Idan kana da ƙaramin jirgin sama mai rimot, kuma kana tsoro kada ka tuƙa shi ya faɗo a gaban jama'a, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka tsufa ana ce maka Kyaftin. Haka Jamaldeen na unguwar Moshi Zongo a Tamale ya yi da jirgin da wansa ya aiko masa daga Jamus, kuma ya ci nasara.

1. Rataye shi inda ido zai gani

Jamaldeen ya rataye nasa a falo, daidai taga. Kafin sati ya zagayo, masu keken haya na yalo-yalo sun soma sara masa. Bai taɓa kunna injin ba, amma kullum sai ya goge fikafikan da tsumma, kuma a majalisar shayi shi ake fara zuba wa.

2. Ɗora laifi a kan batiri

Injin fetur ba ya tashi sai fulogi ya samu tartsatsi daga wani ɗan akwati, akwatin kuma da batirin caji yake aiki. Nan ne mafakarka. Duk wanda ya tambaya yaushe za a ga tashi, girgiza kai ka ce, "Batiri ne, chale, abokina. Tamale babu shi."

3. Haddace aibin kowane iri

Na nikel, in ka ajiye shi, cajinsa zurarewa yake. Lipo yana kumbura a zafin garin nan, kuma in babu na'urar rage wuta yana iya ƙona akwatin. Laif shi ne ya dace, don haka kada ka ambace shi. Wanda ya ambata, tambaye shi jirgi nawa ya taɓa tuƙawa.

4. Yi hattara da mai yarda da kai

Masu yi maka dariya ba su da illa. Hatsarin Jamaldeen mahaifiyarsa ce, Hajiya Zuhuratu, wadda ta gama sanar da matan unguwa cewa ɗanta matuƙi ne. Ta gaji da ganinsa cikin damuwa, sai ta roƙi maƙwabcinsu Kwamena, malamin makaranta, da zai je Akra, ya sayo masa batirin.

Kwamena ya dawo ya dire leda. "Hajiya ya ce in kawo duka. Ga nikel, ga Lipo da na'urar rage wutarsa, ga Laif."

"To Jamal, sai ranar Asabar," in ji Hajiya, har da hawayen murna. "Na gaya ma kowa."

Jamaldeen ya yi godiya.

5. Zaɓi da ilimi

Ranar Asabar filin Jisonayili ya cika, mata sun sha mayafai, an kawo wa Hajiya kujera. Jamaldeen ya ɗauki Laif, ya san in ya saka shi injin zai tashi, sai ya mayar. Ya ɗauki Lipo ya jona kai tsaye, na'urar rage wutar tana aljihunsa. Akwatin ya yi ƙauri, ɗan hayaƙi ya fito.

"Kun gani?" Ya buɗe hannaye. "Abin da nike faɗi ke nan."

Aka jajanta masa, aka zagi 'yan kasuwar Akra, sunansa ya ƙara nauyi.

6. Kada ka dubi fuskar uwarka

Nan kaɗai Jamaldeen ya yi kuskure. Hajiya ta miƙe da ƙyar, ta ba matan haƙuri ɗaya bayan ɗaya, sannan ta riƙe hannunsa.

"Laifina ne, Jamal. Ni ban san boko ba, na sa an kawo maka mugun abu, na kunyata ka. Ka yafe mini."

Kunya ta kama shi. Da ya fito da abin da ke aljihunsa, da ta yi barci ranar. Ya ce, "Ba komai, Mma, na yafe."

Sanarwa: ba ruwan marubuci da akwatin da ya ƙone, ko uwar da ta daina zuwa taron mata. Haka kuma ba a dawo masa da ƙorafi in aka ji Hajiya ta sake aiken Kwamena Akra, ya sayo sabon akwati.