Rasuwar Wayar Malam Tasi'u a Injin Casa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajur, Malam Tasi'u Yunusa, malamin noman shinkafa a jami'a, yana sanar da rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata da la'asar a wani injin casa da ke Haɗeja. Shekararta shida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Da ita Malam ya raba kwas ɗinsa biyu: da rani ɗalibai su zo aji, da damina kuwa, idan ruwa ya cinye hanya, ita ke kai musu darasi har ɗaka. Fuskarta a tsage, bayanta ɗaure da roba, amma ba ta taɓa ƙorafi ba, iyakarta ta ɗau zafi.

A bakin aiki ciwon ajali ya same ta. Malam na cikin fadama yana ɗaukar wa ɗalibai bidiyon cutar ganye, santsi ya kwashe shi, ta yi tsulum. Masu ba da magani suka ce a binne ta cikin shinkafa kwana uku. To, mutumin Haɗeja za a gaya wa shinkafa? Malam ya raina kwano, ya cusa ta tsakiyar buhun shanshera, bai gaya wa kowa ba. Rana ta uku ƙaninsa Modu ya ɗora buhun a babur, sai injin casa.

Abin da ya fi ci wa Malam rai, ashe maganin ya yi! Mai injin ya shaida cewa yana juye buhun ya ji "tililin-tililin", ƙararrawar lokacin darasi. Sai kuma "ƙaras".

Ta rasu ta bar caja guda mai ciwon wuya, da ɗalibai goma sha tara da ruwa ya tsare a ƙauyukansu. Jarrabawa saura mako biyu, ga darussa huɗu sun tafi da ita ba a tura ba.

Gobe da hantsi za a binne abin da aka iya tsintowa, murfi da rabin gilashi, a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Babu zaman makoki, domin daga nan Malam zai shiga kwalekwale da allo da alli, ya bi ɗalibansa ƙauye-ƙauye. Modu ne zai tuƙa.

Sauran gawar kuwa ta riga ta bi shinkafar zuwa kasuwa. Duk wanda ya tauna wani abu mai tauri a tuwonsa, don Allah ya tofar da shi cikin ladabi, darasi na tara ne.