Rasuwar Gwaggo, Motar da Ba Ta Tashi Sai a Gangare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da har yanzu suka kasa tsayawa wuri ɗaya, Tela na saman tudu yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, cewa Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo ita ce tsohuwar motar nan mai shan dizal, mai launin ruwan ƙasa, wadda ake jin tahowarta tun ba a gan ta ba, a kuma ci gaba da shaƙar hayaƙinta bayan ta daɗe da wucewa. Ta cika ne da yamma, a ƙofar gidan Yaya, wan Tela, can cikin kwari, bayan doguwar jinyar da ta gagari masu gyara.

Ba wanda zai rantse a kan shekarunta, don agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun yaran gidan suna rarrafe. Abin da aka tabbatar shi ne, Yaya ne ya fara mallakarta. A cikinta ya koya wa ƙanensa tuƙi, da tsawa da dungurin kai. Da idanunsa suka fara yi masa gardama, sai ya kira Tela ya damƙa masa makulli, ya ce amana ce ya ba shi ba kyauta ba. Tun daga ranar, duk zuwan da Tela zai yi, Yaya sai ya tambayi lafiyar Gwaggo kafin ya tambayi ta yara.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri, mai ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta ba tare da ƙorafi ba. Ta yi jigilar dilolin yadi da kekunan ɗinki da kayan 'yan makaranta, ta kai mai ɗakin Tela asibiti tana naƙuda, ta dawo da su gida sun ƙaru. Ba ta da haɗamar mai. Abu ɗaya kawai take nema da safe: a murɗa makulli rabi, a jira 'yar fitilar hita mai ɗuma inji ta mutu, sannan a tashe ta. Shi kuwa Tela mutum ne da ba a halicce shi da zama ba, a tsaye yake shan shayi, a tsaye yake sauraron gaisuwa. Mai ɗakinsa takan ce duk duniya Gwaggo ce kaɗai ta taɓa sa shi jira, ita kam ta yi iyakar yinta ta gaji. In an yi mata wannan ladabin, sai ta yi gur-gur-gur, ta saki tari ɗaya, ta kama tatatata kamar keken ɗinki a hannun gwani.

Ciwon ajalin ya faro ne daga wayoyi. Sai Tela ya taka burki, hon ya yi ihu. Ya kunna fitila, abin share gilashi ya kama rawa babu ko ɗigon ruwan sama. Aka kai ta wurin mai gyaran wuta, ya shige ƙarƙashin sitiyari ƙafafunsa a waje, ya fito ya ce batir ne. Aka sake batir, ta kwana ta shanye shi tas. Ya ce to caja ce ba ta caji, aka sake caja. Fiyus kuwa sun yi ta ƙonewa har ya gaji, ya naɗa musu waya ya ce a je a gwada. Da ta fara yin gardama da safe, sai ya wanke hannunsa ya ce wannan ba wuta ba ce, inji ne, a tafi wurin bakanike.

Bakanike ya ce iska ce ta shiga layin mai. Ya sassauta noti, ya yi ta buga famfon hannu har kumfa ta daina fita, ya sake matatar mai, ya kwance nozul masu fesa mai ya wanke. Ta tashi, kowa ya yi murna, washegari ta koma gidan jiya. Nan bakanike ya ɗaga kafaɗa ya ce shi kam ya gama nasa, matsalar wuta ce. Haka Tela ya yi ta safa da marwa tsakanin gareji biyu, wannan ya tura shi wurin wancan, ɗinkin mutane yana jibge a shago, masu kaya suna zarya. Barci ma ya ƙaurace masa. Yana cikin yanka yadi sai ya ajiye almakashi ya fita ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallon wayoyin da bai san kansu ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kik mai tayar da inji ya mutu, a murɗa makulli ba abin da za a ji sai ƙat. Aka sa wani, shi ma ya juya injin har ya galabaita, Gwaggo ko a jikinta. A ƙarshe dai bakanike ya ja Tela gefe, ya faɗa masa gaskiya cikin muryar da ake faɗa wa dangin majinyaci: ringin fistin da ke can cikin injin sun cinye, injin ba shi da sauran ƙarfin matse iska, kayan irinta kuma sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Magani ɗaya ya rage, a sake ta a gangare mai tsawo, a sa giya ta biyu, a cire ƙafa daga kuloci, gudun ya tashe ta. Wani abin takaici kuma, in ta tashi ba ta yarda ta mutu. Tela zai zare makulli ya sa a aljihu, ita tana nan tana tatatata, sai ya buɗe bonet ya danne wani ɗan ƙarfe a jikin famfon mai da hannunsa.

Daga nan rayuwar Tela ta koma lissafin gangare. Gidansa a kan tudu yake, ya gode wa Allah. Sauran gari kuwa, ya san kowane layi da inda ya karkata, ya san inda zai ajiye ta hanci ƙasa da dutse a gaban taya. Abokan cinikin da ke shimfiɗaɗɗen wuri ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba tsiya. Wuri guda ne ya gagare shi sallama, gidan Yaya, wanda ke can ƙasan kwari, ta ko'ina aka bi hawa ne.

A lokacin Yaya ya riga ya kwanta, ido ya tafi, murya ta koma kamar zare. Tela yana son wansa, wannan ba abin musu ba ne. Amma kunya ta hana shi ya bari tsohon ya ji amanar da ya ba shi ta lalace a hannunsa. Sai ya riƙa barin Gwaggo a kunne daidai ƙarƙashin taga, ya shiga ya gaishe shi a tsaye, kunne ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, ko za ta shaƙe. In Yaya ya tambayi Gwaggo, Tela ya ce lafiyarta ƙalau, ga ta nan ma yana ji. In Yaya ya motsa baki da wata magana, ƙarar injin ta danne ta, Tela ya gyaɗa kai ya ce haka ne, alhali ko kalma ɗaya bai ji ba. Kafin ruwan da aka kawo masa ya kai bakinsa ya yi sallama. Abin yana cin sa a rai, yakan hau tudun nan yana zagin kansa, amma gobe ma hakan zai yi.

Ranar da abin ya faru, 'yar Yaya ce ta kira ta ce Baba yana ta nemansa tun safe. Ya gangara, ya bar ta a kunne kamar kullum, ya shiga. Yaya ya yi magana, Tela ya gyaɗa kai. Yaya ya sake, Tela ya sake gyaɗa kai yana satar kallon ƙofa. Sai tsohon ya laluba ya damƙe hannun rigarsa, ya jawo shi har kunnensa ya zo kusa da bakinsa.

"Ƙanena, je ka kashe ta."

Tela ya fara kame-kame, wai sauri yake, wai akwai ɗinkin da ake jira, wai dizal ba ya son yawan kashewa da kunnawa.

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba," in ji Yaya. "Na daɗe da sanin in ta mutu a nan ba za ta tashi ba. Kashe ta ka zo ka zauna. Ina da magana, kuma ba ni da ƙarfin yin ta sau biyu."

Tela ya fita. Ya zagaya motar, ya sake zagaya ta, ya leƙa hawan dama ya leƙa na hagu kamar wani zai sauko ya cece shi. Sannan ya ɗaga bonet, ya ɗora yatsa a kan ɗan ƙarfen nan ya danne. Ta yi tata, ta, ta, ta girgiza jiki sau ɗaya, ta yi fuuu. Unguwar ta yi tsit har ana jin kaji. Ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Abin da suka tattauna ba na wannan sanarwa ba ne, sai dai 'yar Yaya ta shaida cewa ta ji dariyar mahaifinta daga tsakar gida, abin da ta manta rabonta da ji.

Da rana ta yi sanyi injin ma ya yi sanyi. Mutanen layin suka fito suka tura ta gaba, suka tura ta baya, kwari dai kwari ne. Cikin masu turin wani mai shago ya ce ya san dabara, a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin da take shan iska. Tela, da hankalinsa ya rabu biyu, ya ce a yi. Ta tashi kuwa, amma da wani irin ihun da ba a taɓa ji daga gare ta ba, sai kwaram, sai baƙin mai ya malalo ƙarƙashinta. Bakanike ya iso, ya duƙa ya duba, ya miƙe ya cire hularsa ya ce injin ya buga.

Marigayiyar ta rasu ta bar sabon batir da sabon kik waɗanda ba su more ta ba, da tayar safaya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da jarkar ruwa, da dutsen gaban taya. Ta bar bakanike da mai gyaran wuta, waɗanda har a wurin gaisuwa kowa yake nuna ɗan'uwansa da baki. Ta bar mai ɗakin Tela, wadda ta yi iya ƙoƙarinta ta ga ta yi hawaye abin ya faskara. Ta kuma bar Tela da kansa, yana ta lalube aljihu yana jin makullin da ba abin da zai buɗe.

Game da jana'iza, gawar tana nan inda ta faɗi, an lulluɓe ta da tsohon yadi. Tela yana saukowa kowace safiya da ƙafa, wai ya zo gadin madubanta, ya shige ɗakin Yaya ba ya fitowa sai yamma. A can ake karɓar gaisuwa, ana kuma roƙon masu zuwa su rage murya, masu mota su kashe ta daga nesa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo da motar ja, har an ɗaura sarƙa, sai Yaya ya ji ƙarar ya aiko a dakata. Ya ce a bar ta a ƙarƙashin tagarsa tukuna, ba za ta daɗe tana jiransa ba. Saboda haka ba a sa rana ba, kuma Tela yana roƙon kowa da kowa, don girman Allah, kada a tambaye shi yaushe.